Ɗaukar hoton furannin dangin fofi a Amurka cikin Afrilu: ina neman shawara

Mai Hoto na Aboabo

Assalamu alaikum. Shekara 22 ke nan ina sana'ar hoto a Kumasi, kuma kusan duk aikina na biki ne da suna da walimar saukar karatu, ban taɓa durƙusa wa fure da kyamara ba. Ɗana da ke zaune a Bronx, cikin birnin New York, ya gayyace ni, in Allah ya yarda zan tafi farkon Afrilu in yi mako shida. Bara ya turo mini hoton wani ɗan farin fure mai rawaya a tsakiya, wanda ya ɓullo daga cikin busassun ganyaye a lambun tsirrai na New York, ya ce allon wurin ya nuna sunansa Sanguinaria canadensis, kuma wai dangin fofi ne, wato furen da ake kira poppy da Turanci. Da waya ya ɗauka, sai furen ya fito fari fat kamar an ɗiga fenti, babu ko jijiya ɗaya da ake gani, abin ya tsaya mini a rai. Ina da kyamarar Nikon da gilashin kyamara mai milimita 50 da kuma na 24 zuwa 70. Shin sai na sayi gilashin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa? Wane lokaci ya fi dacewa a fita, kuma filashin da nake aiki da shi a wurin biki zai yi amfani?

Ɗan Nima a Bronx

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya kawo ka lafiya. Abu na farko, kada kalmar bazara ta ruɗe ka idan ka ji ana kiran wannan lokaci da ita, domin Afrilun nan da sauran sanyinsa, ka taho da rigar sanyi mai kauri. Furen da ka ambata yana cikin waɗanda ke gaggawar fitowa kafin manyan itatuwa su yi ganye su tare musu rana, shi ya sa kwanakinsa ba su da yawa: fure guda ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu a buɗe kafin fallayensa su zube, kuma iska mai ƙarfi ko ruwa guda kan kakkaɓe su gaba ɗaya. Idan ka ji an ce ya fito, ka tafi a ranar, kada ka ce sai Asabar.

Batun lokaci kuwa, a nan ne ni na sha kashi. Na bi shawarar da kowa ke bayarwa cewa hoton fure sai da sassafe ko ranar da hadari ya rufe sama, na yi sammako bayan asuba, na tarar da su duk a tsuke, kowanne ganyensa ya naɗe shi kamar jariri a zane. Wannan fure rufewa yake yi da dare da kuma ranar da babu rana, sai hantsi ya dubi ludayi yake buɗewa. Ke nan dole ka ɗauke shi cikin rana tsaka, hasken da mu masu hoto muka fi gudu. Dabarar da na samu ita ce a riƙe farar laima ko farin ƙyalle marar kauri tsakanin rana da furen, haske ya yi laushi, sannan a yi sauri a ɗauka. Ka kuma rage haske a ma'aunin kyamara da kamar kashi biyu cikin uku na mataki ɗaya, ko mataki guda cif, saboda busassun ganyayen da ke kewaye suna da duhu, kyamara sai ta ɗauka wurin ya yi duhu ta ƙara haske har farin ya ƙone. Abin da ya sami hoton ɗanka ke nan.

A gefen hanyoyin dajin lambun za ka iya cin karo da ɗan uwan wannan fure, Dicentra cucullaria, wanda furanninsa suka yi kama da ƙananan fararen wanduna da aka shanya a igiya ƙafafu sama. Shi ba ya rufewa, don haka shi za ka ba safiyarka. Kada ka sauka daga kan hanya, ka tura ƙafar wando cikin safa saboda kaskar dajin yankin nan tana ɗauke da cutar Layim, kuma kada ka karya tsiron farin furen, domin jan ruwan da ke saiwarsa yana cin fata.

Malamar Kimiyya, Madina

Alhaji, da izininka zan ce ba sai ka jira jirgi ba kafin ka fara koyo, domin muna da ɗan wannan dangi a nan gida. Sunansa Argemone mexicana, asalinsa daga Meziko, kuma Hausawa da dama sun san shi da haƙorin kada saboda ƙayoyin ganyensa. Yana fitowa a kufai da gefen hanya da bakin juji, musamman da rani, ganyensa shuɗi-shuɗi mai farar jijiya, furensa rawaya, idan aka karya shi ruwa mai launin rawaya ne ke fita. Ba a lambun tsirrai na Aburi za ka neme shi ba, ciyawa ce da ake nomewa. Fallayensa siraran gaske ne kuma a yamutse kamar takardar da aka damƙe aka sake, kuma wannan hali ne na fofi da yawa, don haka duk wahalar da za ka sha a can ta iska da ƙonewar launi za ka same ta a kansa. Ka gwada sanya rana a bayan furen maimakon bayanka, ka kwantar da kyamarar daidai tsayinsa, za ka ga haske ya ratsa fallen har jijiyoyin sun fito ɗaya bayan ɗaya. Ka dai hana yara wasa da 'ya'yansa, suna da guba.

Tsohon Mai Studiyo, Asawase

Ni ban yarda a kashe kuɗi a kan makro saboda tafiyar mako shida ba. Ka sayi zoben ƙarin tazara da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, ka haɗa shi da mai milimita 50 ɗinka, zai kusantar da kai yadda ya kamata a kan kuɗi kaɗan. Ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8, saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa saboda iska, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka kuma saita da hannu a kan rawayan tsakiya. Filashin biki kuwa ka bar shi a jaka, domin idan ka harba shi kai tsaye a kan farin fure daga tazarar taƙi ɗaya, za ka maimaita hoton ɗanka ne da kyamara mai tsada. Farin kwali da za ka jingina a gefen inuwa ya ishe ka.

Ɗan Nima a Bronx

Baba, na yarda da maganar zobe, sai dai a sani cewa da shi wurin da ke fitowa tsaf yana ƙanƙancewa ƙwarai, numfashi kawai kan kawar da saiti. Ni ƙaramar jaka nake cikawa da shinkafa in ɗora kyamarar a kai, domin furen bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, kuma yawancin ƙafafun kyamara ba sa sauka haka.

Mai Hoto na Aboabo

Allah ya saka wa kowa da alheri. Malama, na samu haƙorin kada a bayan wani gareji da ke kusa da mu, gindi huɗu. Jiya na kwanta rub da ciki a gabansa da ƙarfe tara na safe, har yaran makanikai suka taru suna tambaya ko wani abu na yar. Cikin hotuna 40 guda uku ne suka fito, sauran iska ta kaɗa su. Gobe zan koma da kwali da jakar shinkafa, na kuma aika a duba mini zoben a shagunan Adum.