Neman Shawara: Ta Yaya Zan Koya wa 'Yata Godiya da Natsuwa?

Wata uwa daga Bolari, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina da 'ya mai shekara 15, kuma tun da ta fara riƙe waya ta daina ganin kyan duk abin da ke gidanmu. A Ƙaramar Sallah an ɗinka mata atamfa da leshi, amma ta wuni a ɗaki tana kumbure-kumbure, wai ɗinkin da ta gani a jikin ƙawayenta a TikTok ya fi nata. Ko salla take yi, tana sallamewa sai ta miƙa hannu ga waya. Na yi faɗa, na tuna mata wahalar da mahaifinta yake sha a kasuwa, amma abin sai ƙaruwa yake yi. Ina neman shawararku.

Wani malamin Islamiyya daga unguwar Pantami, Gombe:
Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah Ya shirya mana zuri'a. Lissafa mata wahalar mahaifinta a tsakiyar faɗa, a kunnen yarinya gori ne, kuma wanda aka yi wa gori kunya yake ji ko haushi, ba godiya ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya umarce mu da duban wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, domin kada mu raina ni'imar Allah. Waya kuwa na sama kaɗai take nuna mata daga safe har dare. Ki riƙa tafiya da ita dubiya asibiti, ki bar ta ta riƙe kwanon abincin da hannunta, sannan a hanyar dawowa kada ki yi mata wa'azi ko kaɗan, domin abin da ta gani ya isa.

Malamar sakandare, Yelwa, Bauchi:
A shekarar 2003 wasu masana a Amurka, Emmons da McCullough, sun gano cewa ɗaliban da suke rubuta abubuwa biyar na godiya kowane mako sun fi jin daɗin rayuwarsu a kan masu rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Ki saya mata ƙaramin littafi, amma ta ambaci abu takamaimai, kamar ƙawar da ta ara mata biro ranar jarrabawa, ba "lafiya da iyaye" kullum ba. Kuma kada ki karanta shi a ɓoye.

Ma'aikaciyar jinya, Tumfure:
'Yar'uwa, ki duba barcinta tukuna, domin masu shekarunta suna buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma yarinyar da ta kai ƙarfe ɗaya na dare tana danna waya ba za ta samu natsuwa a salla ko a aji ba. Idan ƙuncin ya wuce mako biyu, ta rage cin abinci, ta guji mutane, to ku ga likita.

Wata dattijuwa, Jekadafari:
Ɗiyata, in ta gama wanke-wanke da shara, kina ce mata sannu da aiki, Allah Ya yi albarka? Yawancinmu sai cokalin da bai fita ba muke gani.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan fara da karɓar wayar bayan sallar Isha'i, sai dai mahaifinta ne ya saya mata, kuma ba ya son a taɓa ta. Malam, ta wace hanya zan ɓullo masa?