Neman kalma: me za mu kira "maltikalcaralizim" da Hausa?

1/ Masu fassara da 'yan jarida na Katsina da Daura, a kawo ɗauki. Wannan kalma ta Turanci (multiculturalism) mai karya harshe tana yawan faɗowa a labaran ƙetare, kuma kowane gidan rediyo da yadda yake juya ta. Mu tsayar da guda.

2/ A fara da abin da take nufi. Ba tarin ƙabilu a ƙasa ɗaya ba ne, wannan ai ko'ina akwai. Manufa ce ta gwamnati: mutum ya zama cikakken ɗan ƙasa ba tare da an ce sai ya yar da harshensa ko addininsa ko suturarsa ba. Kanada ce ta fara ayyana ta a 1971, zamanin firaminista Pierre Trudeau, ta mayar da ita doka a 1988. A 1990 aka amince ɗan sandan tarayyarsu mabiyin addinin Sik ya yi aiki da rawaninsa a ka. Faransa kuwa wata hanyar ta bi: a 2004 ta hana ɗalibai sa fitattun alamomin addini a makarantun gwamnati, har da hijabi, a 2010 kuma ta yi dokar hana rufe fuska a bainar jama'a. Tasu ba ta ba mu wahala ba, "tsarin sajewa" ya wadatar.

3/ Ga waɗanda aka ba da shawara. "Bambancin al'adu" bayanin hali ne kawai, babu hannun gwamnati a ciki. "Al'adu barkatai" da "haɗin gambiza" kuwa zagi ne, a wuce wurin.

4/ Wani malaminmu daga Ƙofar Ƙaura ya ce "zaman 'yan marina". Allah ya gafarta Malam, ta yi daɗi a baki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya gani: kowa a bakin raminsa, hannu ya yi shuɗi har gwiwa, wannan ya ba wancan baya. To amma ainihin zargin da masu sukar tsarin ke yi ke nan, cewa ana zaune tare kowa da inda ya sa gaba. A 2010 Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ta ce tsarin ya gaza a ƙasarta. Idan za a fassara irin wannan suka, a ɗauko 'yan marina. Mai karanta labarai dai ba zai raɗa wa abu suna da bakin abokin gabarsa ba.

5/ Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wata Hajiya daga Daura: "tsarin zango". Hajiya, kin kusa. Mu muka san zango. Bahaushen Sabo a Ibadan ko na Zangon Kumasi yana da masallacinsa da mahautansa da sarkinsa, ba mai hana shi Hausa. Sai dai mazaunin zango baƙo ne, ko da kakansa a nan aka binne shi. Alfarmar mai gari yake ci, kuma mai alfarma yana iya janyewa.

Ba sai an je Kumasi ba. Yaron da aka haifa a Katsina, iyayensa daga kudu, Hausarsa har da karin Katsinanci, ya je sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar ɗan asali. Za a tambaye shi wane mai unguwa da wane hakimi suka san kakansa. Ɗan Najeriya ne a tsarin mulkin 1999, amma a kan wannan tebur baƙo ne. Dubi ma "ɗan ƙasa" a bakinmu, fuska biyu gare ta: mai fasfo, da kuma wanda ba baƙo ba. Jamus ta daɗe a irin wannan, sai a 2000 ta fara ba 'ya'yan baƙi da aka haifa a can zama 'yan ƙasa bisa sharuɗɗa.

6/ Shi ya sa na tsaya a kan "gamayyar al'adu". A gamayya babu mai masauki, kowa da kasonsa ya shigo. A gwada ta a jimla: "Kanada ta mayar da gamayyar al'adu doka a 1988." "Masu adawa da gamayyar al'adu sun ce zaman 'yan marina ta haifar." Ta zauna, kuma ta shiga kanun labarai ba a numfasa sau biyu ba.

7/ Wani ƙanena ya ce "gamayya" ta riga ta zama ta ƙungiyoyi da jam'iyyu, mai saurare zai zaci taron masu kiɗa da rawa ne na ranar bikin al'adu. Da gaskiyarka, ƙane. A farkon ambato a ce "manufar gamayyar al'adu", daga nan a gajarta.

8/ Saura 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fassara daga Faransanci: me kuke cewa a gidajen rediyonku? Idan kuna da wadda ta riga ta kama bakin mutane, ku turo kafin mu kai tamu ɗakin labarai.