Wai cin ayabar da ta nuna lugub haramun ne?

Sani: Jama'a, an turo min saƙo wai ayabar da ɓawonta ya yi baƙi akwai giya a ciki, cinta haramun ne. Hujjarsu hadisin nan: abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Malama Rabi: Akwai itanol a ciki kam, sinadarin da ke bugarwa a giya. Sukarin ɗan itacen ne ke rikiɗewa in ya nuna sosai, ya zama itanol da iskar gas, kamar yadda yis ke yi wa sukari. Amma bai kai rabin giram ba a giram 100 na ayaba.

Sani: To ai kin gaskata su ke nan, Malama.

Malam Habu: A'a, Sani. Hadisin kan abin da ake ci ko sha yake magana. Tambayar ita ce, in ka ci ayaba da yawa za ka bugu?

Malama Rabi: Mu yi lissafi. Babbar kwalbar giya mai mililita 600 tana ɗauke da itanol kusan giram 24. Kafin ka tara haka sai ka cinye ayaba kilo 5 ko fiye, ita kuma hanta tana ƙona kusan giram 7 duk awa. Ciwon ciki za ka samu, ba maye ba. Burodi ma da yis ake kwaɓa shi. Da yake itanol na tafasa a digiri 78, yawancinsa na tashi a tanda, amma ɗan saura na nan.

Hajiya Binta: Ni ayaba ba ta dame ni ba. Zoɓo da kunun zaki fa, in sun kwana?

Malama Rabi: Nan ne magana take, Hajiya. Ruwa ga sukari ga zafi, yis ya samu wuri. Bammi ma da zaƙinsa yake fitowa daga itace, cikin 'yan awoyi ya fara bugarwa.

Malam Habu: Ya zo a Sahih Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar.

Malama Rabi: Allah gafarta Malam, da zafin Sakkwato a watan Afrilu ni ba zan dogara da ƙirga kwana ba. In kin buɗe jarka ta yi tsaki, ga kumfa ga warin tsami, ki zubar.

Sani: Ni dai har yanzu raina bai kwanta da baƙar ayabar nan ba.

Hajiya Binta: To ka aiko min da ita, kek zan yi.