Wando ya min yawa amma sikeli ya ƙi motsi, me ke faruwa?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan kullum bayan asuba ina tafiya da sauri daga Ɗorayi zuwa tsohuwar BUK in dawo, wandona ya fara min yawa a ƙugu amma in na hau sikeli kilo ɗaya kacal ya ragu, kuma abin ya dame ni wallahi don likita ya ce sugana ya fara hawa. Wani a majalisarmu ya ce wai tsoka na fitar da wani sinadari mai ƙona kitse, da gaske ne?

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam Alhaji, mutumin nan bai yi ƙarya ba. Tsoka in tana aiki tana sakin wasu ƙananan furotin cikin jini, ana ce musu mayokin, sunan da wata likita a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, Bente Pedersen, ta raɗa musu a 2003. Kamar ɗan aike ne, tsoka ce ke tura saƙo ga hanta da kitse cewa a fito da abin da aka ajiye ana buƙata. Wanda aka fi sani shi ne IL-6, kuma a 2019 an yi gwaji can Denmak, masu tumbi suka yi sati 12 suna tuƙa keken motsa jiki, kitsen da ke lulluɓe da hanji ya ragu, amma waɗanda aka ba maganin da ke toshe IL-6 ɗin nasu bai ragu ba duk da sun sha wahala iri ɗaya. To wannan kitsen na cikin ciki shi ne mugun, shi ke da alaƙa da ciwon suga da hawan jini, kuma yana iya raguwa sikeli bai nuna wani abin kirki ba. Ka samu tef ɗin tela ka riƙa auna ƙugunka duk sati biyu.

Maman Ilham:
Ni wata mayokin mai suna irisin na ji ana ta zuzutawa, wai tana mai da farin kitse ya koma mai ƙonewa, akwai maganinta ne a kemis?

Abu Hanif:
Hajiya don Allah kar ki ba kowa kuɗinki. A 2012 aka gano irisin a jami'ar Harvard ta Amurka kuma a jikin ɓeraye aka ga wannan aikin, a jikin mutum har yau masana na jayayya.

Baban Sadiq:
Alhaji ka ƙara da ɗan ɗaga nauyi ko tsuguna-tashi sau biyu a sati, tsokar cinya ce babba, ita ta fi zuƙe suga daga jini. Sannan a gaya wa mai shayi ya rage cokali, ni da na bar lemon kwalba na ga canji.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai tela kusa da shagonmu, gobe in sha Allah zan fara aunawa. Tsuguna-tashin nan guda nawa zan fara da shi, gwiwata ta hagu tana ɗan ciwo?