Ta yaya HIV iri biyu suke haifar da na uku?

Ɗalibar_Kimiyya:
Assalamu alaikum. A karatun bairos na ci karo da CRF02_AG, nau'in HIV-1 da ya fi yawa a Afirka ta Yamma. An ce wasu sassansa daga nau'in A suke, wasu daga G. Abin ya ɗaure min kai. Bairos ba ya aure, kwafar kansa kawai yake yi, to ta ina biyun suka haɗu? Ko irin abin da bairos ɗin mura yake yi ne?

Malamin_Bairos:
Wa alaikumus salam. Sirrin yana cikin ƙunshin ƙwayar kanta. Kowace ƙwayar HIV tana ɗauke da zaren RNA guda biyu (wato gadonta, inda bayanan halittarta suke a rubuce), kowanne cikakke, mai haruffa wajen 9,700. Idan ta shiga sel (ƙwayar halittar jikin mutum), enzayim ɗinta, wato sinadarin da ke yi mata aikin kwafa, mai suna RT (reverse transcriptase), wanda Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970, shi ke mayar da RNA zuwa DNA, irin gadon da sel ɗin mutum ke amfani da shi. DNA ɗaya zai fitar, amma ba ya tsayawa kan zare ɗaya. Yana cikin kwafa sai ya saki wannan ya kama wancan, musamman inda zaren ya tsinke ko ya naɗe har tafiya ta yi masa wuya. Kamar mai kwafar littafi ne da kwafi biyu a gabansa, shafi ya yage a ɗaya sai ya ci gaba daga ɗayan.

Inda ɗalibai suka fi kuskure, kuma ina so ki riƙe shi da kyau: idan zarurrukan iri ɗaya ne, tsallen ba ya sauya komai. Sai bairos iri biyu sun shiga sel ɗaya, sannan a wajen haɗa sabbin ƙwayoyi wata ta fito da zaren A da zaren G tare. Ko a nan ma ba a gauraya ba tukuna. Sai wannan ƙwayar ta shiga wani sel na daban, RT ya yi ta kai da kawowa, a nan ake haifar sabon nau'i. Sel biyu ke nan, ba ɗaya ba. Haka CRF01_AE na Tailan da maƙwabtanta yake cikin wannan sahu.

Mai_Gwajin_Jini:
'Yar uwa, batun mura daban ne. Gadon bairos ɗinta a yanke yake kashi 8. Iri biyu suka haɗu a sel ɗaya, sai a yi musayar kashi sukutum, ba tare da an tsallaka a tsakiyar zare ba. Haka annobar mura ta 1957 da ta 1968 da ta 2009 suka samo asali. Masu tsalle irin na HIV su ne bairos ɗin shan inna da korona. XBB, nau'in korona da ya bayyana a 2022, daga rassa biyu na nau'in Omicron ya fito.

Ɗalibar_Kimiyya:
Na gode ƙwarai. Malam, ke nan tsallen kuskure ne na RT, ko bairos ɗin na amfana da shi?

Malamin_Bairos:
A ganina kiransa kuskure bai dace ba. Ko da zarurrukan iri ɗaya ne, dole RT ya yi tsalle sau biyu kafin ya kammala DNA, domin da haka yake gina bakunan DNA ɗin biyu da ake kira LTR. Sakin zare da kama wani yana cikin aikinsa tun asali. Ga kuma ribar ceto gado daga zaren da ya tsinke.

Abin da ya fi damuna shi ne magani. A ce ƙwaya ɗaya ta samu sauyin da ke bijire wa wani magani, wata kuma ta samu na wani maganin daban. Gauraya na iya tara su a gado ɗaya cikin zagaye guda. Shi ya sa ake gaya wa masu ɗauke da HIV cewa za su iya sake kamuwa da wani nau'in, kuma shan magani a kan kari yana rage yawan ƙwayoyin har damar iri biyu su haɗu a sel ɗaya ta yi ƙaranci sosai.