An yi wa yayata aikin rage tumbi, yanzu bayan gidanta ya koma baƙi

Ummi T/Wada:
Salam 'yan uwa. Yayata ce aka yi wa aikin rage ƙiba a Alƙahira, irin wanda ake yanke yawancin tumbin a bar kaɗan, to bayan aikin sai ɗinkin ya fara yoyo ta sama, suka zura mata wani bututu ta baki wai sitent ya toshe wurin. Mun dawo Zariya, tun jiya bayan gidanta baƙi ƙirin kamar kwalta ga wari, yau da safe ta yi amai da ɗan jini amma ya tsaya. Mu jira ranar ganin likita ko ya za mu yi?

Maman Hanif:
Wayyo Allah ya ba ta lafiya. Ba ta shan maganin ƙarin jini kuwa? Ni da nake da ciki haka yake mayar min da shi baƙi.

Nas daga Samaru:
Maman Hanif gaskiyarki amma maganin ƙarin jini ba kasafai yake sa aman jini ba. Ummi don Allah kar ku jira, ku kai ta emajensi a asibitin koyarwa na Shika yanzu yanzu. Sitent ɗin kan goge hanyar abinci ya yi gyambo ko ya zame daga wurinsa, sannan ruwan da ya yi yoyo in ya tara mugunya yana iya cin jijiyar jini da ke kusa, irin wadda ke zuwa saifa. Tsayawar jinin nan kar ya ruɗe ku, wani lokaci ɗan kaɗan ne ke fara zuwa kafin babban ya ɓalle. Za su duba PCV, wato yawan jinin da ke jikinta, wataƙila su yi sikanin CT na jijiyoyi ko su leƙa da kyamara. Ku tafi da duk takardun Masar, musamman ranar da aka sa sitent ɗin, makonni yake yi a cire shi. Kar a ba ta abinci ko ruwa. Tana shan ibuprofen ko diclofenac, ko allurar tsinka jini?

Ummi T/Wada:
Innalillahi, diclofenac take sha na ciwon baya, a kemis muka saya. Muna hanya, jiri take ji.

Abu Gyallesu:
Ku faɗa wa likitan maganin da bakinku. Kuma ku kira maza biyu uku su biyo ku ko za a nemi jini, ni jinina rukunin O ne, in ana buƙata ki min magana.