Shokar babur mai ƙafa huɗu na yaro ta yi tauri, ina mafita?

Assalamu alaikum, masu gyaran babur. Ina da ƙaramin babur mai ƙafa huɗu, ƙirar Sin, 110cc, da ɗana ɗan shekara tara yake hawa a hanyar gona. Nauyin yaron bai kai kilo 30 ba, shi ya sa sifirin ɗin shokar baya ko motsi ba ya yi. Da ya shiga gargada sai bayan ya riƙa tsalle, ka ga yaro ya tashi daga kan kujera, hannayensa kawai ke riƙe da kan babur.

Na sassauta zoben da ke matse sifirin ɗin har ƙarshe, na rage iskar taya zuwa psi 4 (ma'aunin ƙarfin iskar taya). Da ɗan sauƙi, amma kaɗan.

Bakanikenmu ya sa wata shoka mai laushi, sai dai tsawonta daga ido zuwa ido (ramukan ɗaure ta na sama da ƙasa) milimita 280 ne, ta asali kuwa 250. Baya ya ɗaga, sarƙa ta yi sako-sako idan ba kowa a kai, a kwana kuma kamar zai kife. Wannan kam ban yarda da shi ba, na cire.

Shin sifirin kaɗai ake iya canzawa a bar shokar asali? Idan an tausasa baya, dole ne a taɓa shoka biyun gaba? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.